Gefen Tabarmar Iya

A gidanmu na Unguwar Kanawa, wajen shekarun 1950, ba kowa ke zama kusa da kakarmu Iya ba in za ta yi tatsuniya. Bayan an ci tuwo takan ja tabarmarta kusa da murhu, ta tura guntun itace cikin wuta. Gefen tabarmar nan na jikan da ya gama 'yan aikace-aikacensa kafin magariba ne. Shi ake ba ƙanzon tukunya, shi take jingina hannunta a kafaɗarsa.

Kusan kullum Isiyaku ne, ɗan baffana, sa'ana. Aikinsa rufe akurkin kaji, nawa ɗaure akuya. Ko minti biyu ba ya ci. Amma ni sai in ce bari a gama langa tukuna, bari in sha ruwa, har duhu ya shiga.

Da yake jika abokin wasan kaka ne, dukanmu mazajenta take kiranmu. Sai dai Isiyaku ne "angona". Ni kuwa takan dube ni ta ce, "Kai tsohon miji, matsa can wajen hayaƙi, na kusa kai ka gidan alƙali." Kowa ya yi dariya. Ni ina kallon Isiyaku yana tauna ƙanzo, kamar a kan zuciyata yake tauna shi.

Wata rana akuyar ta cinye rabin garin kukar da Iya ta shanya. Ba ta dake ni ba. Da muka taru sai ta ce, "Ga wata nan tafe gare ku." Muka ce ta iso mu ji.

Ta ba mu labarin wani mai jaki da zai kai gero kasuwa. Tun a ƙofar gida matarsa ta nuna masa zare ɗaya da ya warware a gindin buhu, ta miƙo allura. Ya ce sai ya isa rafi. A rafi ya ce sai ya isa inuwa. Gero yana zuba tsaba-tsaba, tsuntsaye suna binsa. Kurciya ta kira zabuwa, zabuwa ta kira danginta. Ko da ya isa kasuwa buhu ya zama fanko, ga rundunar tsuntsaye a bayansa suna yi masa kirari, wai ba su taɓa ganin mai kyauta irinsa ba.

"Har sarauta suka ba shi," in ji Iya, tana kallon wajen hayaƙi. "Amma a ranar nan, da yunwa ya kwana."

Na san da ni take. Maimakon in gyara, washegari da Isiyaku ya rufe akurki ya tafi alwala, sai na lallaɓa na zare murfin. Ina so ko sau ɗaya a ce shi ma ya matsa. Yana jin kukan kaza ya ajiye buta, ya kora kajin ciki, ya rufe, bai ko tambayi wanda ya buɗe ba. Ashe Iya tana bakin ɗakinta.

"Tsohon miji," ta ce a hankali, "ka iya sauri ashe. Ga akuyarka can a sake."

Da damina ta faɗi aka zo aka tafi da ita ƙauye, can ta rasu. Ban taɓa zama a gefen tabarmar ba.

Na daɗe ina cewa son kai ta yi. Sai bayan mun girma, da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, na gane. Isiyaku ya shiga a makon farko. Ni na ce sai bayan girbi, sai na aurar da 'yata, har furfura ta fito mini, ina kai masa wasiƙuna yana karanta mini sirrina da bakinsa.

Bara na shiga. Ba zan ce haushin Isiyaku ya bar ni ba, yana nan. Amma yanzu in malam ya ba mu layi biyar mu rubuto, ina shiga gida nake zama in rubuta su, tun ban cire hula ba.