Fim ɗin Anti Saloma na ƙarƙashin gado

Kun taɓa ganin fim wanda tun daga farko har ƙarshe babu fuskar mutum ko ɗaya, sai ƙafafu kawai? To Anti Saloma ta Rikoto ta yi shi, ku tsaya ku ji yadda aka yi don wallahi abin ya isa a faɗa.

Anti Saloma dai ita ce mai ɗaukar bidiyon biki, duk wanda ya yi aure a Zuru ko Manga a shekarun nan ya san ta, gajeriya ce amma muryarta har bakin titi, "Amarya ɗago kai mana, ba zaman makoki muka zo ba!" A bariki aka haife ta. Babanta Kofur Gabriel soja ne, sai da ya yi golmo, shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi Mama Leah, kuma kun san wanda ya yi golmo ba a jin kukansa. Saloma tana 'yar shekara bakwai ya dawo daga yaƙin Laberiya lafiya lau, aka yi godiya a coci aka dafa shinkafa. Kwana uku da dawowarsa Mama Leah ta zuba dawa a turmi ta ɗaga taɓarya, dum, dum, sai kawai mutumin nan ya fizgo Saloma ya shige ƙarƙashin gado da ita, ya toshe mata baki, jikinsa na ɓari kamar mai zazzaɓi. Tun daga ranar ba a ƙara daka a gidan ba. Mama Leah ta riƙa ɗaukar turmi a ka zuwa can bayan layi, in an tambaye ta sai ta ce maigida na fama da ciwon kai. Haka har Allah ya ɗauki ransa, ba wanda ya sani sai ita da 'yarta.

Amma abin bai saki Saloma ba, ta girma ta yi 'ya'ya amma in maƙwabta na daka sai ta ji numfashinta na tsayawa. Bara sai ta ce za ta yi fim a kai. Ta ajiye kyamara a ƙasa, ƙarƙashin wannan gadon dai na ƙarfe, don abin da idonta ya gani ke nan a lokacin, ƙafar gado, tabarma, ƙafar mace tana wucewa da sanɗa, da takalmin soja a bakin ƙofa. Ba kiɗa ba magana, ƙarar turmi kawai da numfashin yarinya, minti goma sha biyu. Takalmin ma na babanta ne, ta ciro daga akwati ta goge ta zura masa sabuwar igiya.

Da ta nuna wa Mama Leah, tsohuwa ta ce, "Kyamarar faɗuwa ta yi ne?" Sai ƙarar turmi ta fara. Da fim ya ƙare ta ce, "Ba za ki nuna wa kowa wannan ba. So kike a ce ubanki matsoraci ne, a garin sojoji? Shekara talatin ina rufa masa asiri ki zo ki kwaye da na'ura?"

"Mama ai babu fuskarsa, babu sunansa."

"Ke 'yar waye? An ce miki mutanen Zuru ba su da kai?"

Suka yi sati biyu gaisuwa kawai. Daga ƙarshe Mama Leah ta ce to a kira Baba Ishaya, tsohon saja wanda suka je Laberiya tare da marigayi, in ya kalla ya ce cin mutunci ne, a goge shi a gabanta. Saloma ta yarda.

Ran Lahadi bayan an tashi coci Baba Ishaya ya zo da sandarsa, aka rataya zani a taga don haske, aka ɗora kwamfuta a kan tebur. Yana zama ya ce, "Ni fa in babu faɗa babu rawa barci zan yi, kada a tashe ni sai abinci ya sauka." Aka kunna. Ko minti uku ba a yi ba takalmi ya bayyana, sai ya buga sanda a ƙasa.

"Tsayar! Tsayar da shi nan!"

Saloma ta ce a ranta shi ke nan aikinta ya tafi. Mama Leah ta rufe fuska da gyale.

"Wane ɗan kasuwa ne ya ɗaure takalmin nan?"

"Ni ce Baba."

"A gicciye? Kamar mai zuwa buga ƙwallo? 'Yar soja guda, kin ba ni kunya! Mu a kwance muke jera igiya, layi layi kamar tsani, don in an harbi mutum a ƙafa, wuƙa sau ɗaya, fyat, takalmi ya fita." Sai ya naɗe wandonsa, ga wani tabo mai rami a ƙwauri. "Ubanki ne ya yanke nawa, a cikin taɓo, ana ruwan harsashi, ya goya ni kamar buhun dawa yana zagina wai na cika nauyi. Kunna mu gani."

Turmi ya fara. Baba Ishaya ya kalla har fim ya ƙare. Can ya juya ya ce, "Maman Saloma, shi turmi ne nasa?"

Ta ɗaga kai alamar i.

"Ni ƙaurin nama ne. Kin taɓa ganina wurin babbakar akuya ran Kirsimeti? Matata Rachel ta ce muku likita ne ya hana ni nama. Babu wani likita."

"Saja, har kai?"

"Har ni. Mu da muka dawo, ki nuna mini wanda ba shi da nasa."

Mama Leah ta fashe da kuka, can kuma sai dariya ta ƙwace mata tana share ido, ta ce, "Ashe ni da Rachel benci ɗaya muke zama a zumuntar matan coci, kowa da ƙaryarta a jaka."

Saloma ta durƙusa ta ce, "Mama, in goge?"

"Goge me? Ki dai gyara takalmin nan kada sojoji su yi wa ubanki dariya."

Baba Ishaya da kansa ya zauna ya sake jera igiyar yana mita wai yatsunsa sun tsufa, Saloma ta sake ɗaukar wurin. Mama Leah ce ta je ta roƙi shugabar zumuntar mata aka ba su ɗakin taro, ta tsaya gaban jama'a ta ce, "Wannan gadona ne, wannan takalmin mijina ne, ku kalla." Matan sojoji sun zo, har da wasu matan da suka gudo da yaransu daga ƙauyukan wajen Kanya saboda 'yan bindiga, aka tashi ba wanda ke son tafiya gida, kowa na ba da nasa labarin.

Mun gode Allah, mun gode Anti Saloma da Mama Leah da Baba Saja, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah wanda ya karanta kada ya bar shi a wayarsa, ya tura wa 'yan gidansu, musamman in akwai soja a dangi.