Farar Gona

Malam Dawuda ba ya yarda da duk wanda ya shigo ƙauyenmu da takalmi sau-ciki. Shekara goma sha tara ina facin taya a gindin darbejiyar da ke bakin tsohuwar maƙabartar Unguwar Rijiya, bayan Pitowa, ban taɓa ganin ya amsa sallamar baƙo ba tare da ya fara kallon ƙafarsa ba.

Ba wanda ya naɗa shi gadin wurin. Mahauci ne a kasuwar Pitowa, har gwiwa ta zaunar da shi. Kakansa, Audu, shi ya sari dajin nan. Ya zo daga ƙasar Katsina da jakuna biyu, ya haƙa rijiyar da ƙauyen ya ci sunanta, kuma shi aka fara binnewa a wannan fili. Zuriyarsa ta watse, wasu Garwa, wasu Maruwa, wasu Kudu, aka bar Dawuda shi kaɗai da kaburburan da ba rubutu a kansu. A kansa yake riƙe da su: wancan tsingaron tulu na wance ne, wancan dutse na wane ne.

Akwai abin da muke tsokanarsa da shi. A ƙasar da kowa ke noman auduga, Dawuda ba ya cewa auduga. Matan gidansu ne suka daina faɗin kalmar saboda kunyar surukinsu Audu, suka laƙaba mata "farar gona", yara suka tashi da ji haka. Ba wani gida da ke faɗin wannan sai nasu, kuma yanzu gidan ya zama mutum ɗaya.

Zarginsa yana da dalili. Shekara shida da suka wuce wasu mutum biyu suka zo wai ziyara, ya zagaya da su ko'ina. Bayan wata biyu muka wayi gari an kafa duwatsun siminti na awon fili ta gabas, kabari goma sha ɗaya sun shige gonar wani. Tun ranar ya rantse ba zai ƙara nuna wa baƙo ko tudun tururuwa ba.

A kakar bara ɗan moto, wato mai acaɓa, ya sauke wani dattijo da furfura, da jakar takardu, da takalmin nan baƙi wul. Ya ce sunansa Étienne, daga Yawunde yake, ya yi ritaya daga koyarwa. Hausarsa tana tafiya tana ɗingishi. Ya ce kabarin kakansa yake nema, wanda ya haifi babansa Mahmudu.

Dawuda ya san labarin. Baffansa Mahmudu ya tafi Kudu aikin jirgin ƙasa, ya auri wata Kirista mai suna Germaine, ya kawo ta gida damina ɗaya. Ba a karɓe ta ba, suka koma. Ba da jimawa ba ya rasu, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba, kuma a gidan su Dawuda ba a ambatonta sai da tsaki. Sai dai wannan labari kowa ya san shi, mai neman fili zai iya tsintarsa a teburin mai shayi.

"Meye sunan kakan naka?" in ji Dawuda.

"Ban sani ba, Malam. Ina da shekara uku papa ya rasu." Ya zaro wata tsohuwar takarda. "A nan an rubuta Uba."

"Kowa ma ubansa uba ne. Mahaifiyarka fa, ba ta gaya maka ba?"

"Na tambaya sau da yawa. Sai ta sunkuyar da kai. Ta rasu a watan Mayu."

"Allah ya ba ku haƙuri. Nan ba wurin yawon buɗe ido ba ne."

Ba zan ɓoye ba, ni na ƙara zuga shi. Na ce na ga mutumin yana ɗaga waya ta wajen katanga, kuma yana tafiya kamar mai ƙidaya taku. Na ce jikan da bai san sunan kakansa ba, ai ko ɗan akuya ya fi shi hujja. Dawuda ya je har wurin Jauro, mai garinmu, ya ce 'yan awon fili sun dawo da sabuwar dabara.

Washegari Étienne ya dawo da goro, Dawuda ya ƙi taɓawa. Rana ta uku ya zo hannu rabbana, ya zauna a bencina, ya ce motarsa ta Ngaundere da azahar za ta tashi daga Garwa, ya zo sallama ne kawai. Ni ban ce masa ci kanka ba. Dawuda yana kan tabarmarsa, ya ba mu baya, yana jan carbi.

Sai ga babbar mota ta wuce, an danƙare ta da auduga har tana zuba a hanya. Étienne ya bi ta da kallo, ya ce, don dai kada shirun ya yi yawa:

"Bana farar gona ta yi kyau."

Carbin ya tsaya. Dawuda ya juyo, amma ni ya fara harara.

"Kai ka gaya masa?"

"Ni? Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba."

Ya dubi baƙon. "Me ka kira kayan motar can?"

"Farar gona. Coton. Na yi kuskure ne?"

"Wa ya koya maka?"

"Mama. Ba haka ake faɗa da Hausa ba? A Yawunde Hausawan kasuwa sun sha yi mini dariya, na ɗauka bakina ne bai iya ba."

"Ba ta taɓa faɗin ɗayan sunan ba? Ko sau ɗaya?"

"Akwai wani sunan?"

Dawuda ya ajiye carbin. Ni kuwa kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona sai a kan tayar da ke hannuna. Dawuda ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce wa Étienne ya cire takalmin, ya bar wayar a wurina. Ko a lokacin bai gama yarda da wayar nan ba.

Na bi su a baya. Suka ratsa ciyawa har gindin wata aduwa, inda rabin dutsen niƙa ke kafe a ƙasa.

"Ga shi nan," in ji Dawuda. "Mahaifiyarka suruka ce, ba za ta iya faɗa ba. Mu jikoki ne, mu an yarje mana. Sunansa Audu."

Étienne ya maimaita sunan a hankali, sau biyu, ya durƙusa. Dawuda bai durƙusa ba saboda gwiwarsa, yana tsaye yana kallon dutsen.

"Damina ɗaya ta yi a gidanmu," ya ce. "Ko kwano ba a haɗa da ita ba. Shekara nawa ta yi bayan nan?"

"Sittin da ɗaya."

Dawuda ya share fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, ko ranar duwatsun siminti.

"A ina aka sa ta?" ya tambaya. "Akwai mai kula da wurin?"