Kawu Labbo da mangalar littattafai

Ku da kunka san Kawu Labbo mai albasa, kun san ba shi yabon littafi sai ya sansana shi. Wallahi! Ya ɗauka, ya latsa da babban yatsa, ya kai hanci, sannan ya ce, "Wanga ya nuna." Mutumin da ko baƙi guda na boko bai sani ba! Karanta masa ake yi, amma in labari ya shiga kunnensa ya zauna ke nan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ba don shi ba da ban tsaya gabanku ina surutu ba, don daga yaƙin Bama, na zamanin Turawa, da baki rufe na dawo, ba gaisuwa, ba dariya. Zan zo kan wannan.

Mangalar jakinsa gefe guda albasa, gefe guda littattafai: tsoffi na ajami masu labarin mutanen dā, da sababbin boko da ake kawowa daga Zariya. Kowa da irin wanda yake zaɓa masa. Mai fushi a ba shi na dariya, mai rowa a ba shi labarin marowaci. Wani manomin Rara ya yi kukan ba shi samun barci, Kawu ya zaro masa wani ƙato.

"Shina da daɗi, Kawu?"

"Daɗi? Ko kaɗan! Shi yas sa nib ba ka. Jakina ma da anka karanta mai, tsaye yay yi barci."

Ga shi da basilla. Duk littafin da zai ba da aro sai ya ɗinke ganyen ƙarshe da zaren buhu, wai sai ka dawo ka faɗa masa yadda kake zaton za a ƙare, sannan ya warware. Wani tela a Goronyo ya ga ai ɗinki sana'arsa ce, ya sa almakashi. Kawu bai yi faɗa ba. Sai dai tun daga ranar, duk littafin da ya ara wa telan, yana miƙa masa zai ɗaga murya tsakiyar kasuwa: "Karɓi! Ɓarawon ƙanen mai gidan na, kuma ga ƙarshe ya mutu!" Sai da telan ya haɗa shi da Allah.

Ran da jirgin fito ya karkace da su a gulbin Rima kuwa, kaya sunka zube, Kawu ya faɗa ruwa ya fito da littattafai a ka, albasa na tafiya. Mai jirgi ya yi ihu, "Malam Labbo, albasarka!"

"Ƙyale ta, ta san hanyar Sakkwato."

To, ni. Na yi watanni zaune a zaurenmu na Wurno. An yi rubutu na sha, an yi hayaƙi, shiru. Innata kullum cikin kuka, tana cewa an karɓe mata ɗa an maido mata hoto. Wata hantsi sai ga Kawu, ya jefo mini littafi a cinya, labarin wani ɗan dako da barci ya kwashe cikin taragon jirgin ƙasa, ya farka a garin da ba ya jin yarensu.

"An ce kun koyi boko can soja. Karanta min."

Na dube shi kawai. Ya shimfiɗa buzu, ya ce ko albasa ta ruɓe ba ya tashi. Ga taurin kai! Da azahar ta ƙarato, don in rabu da shi, na soma karantawa ciki-ciki.

"Mi? Ɗaga murya, Ummaru, kunnena ya toshe!"

Mutumin da ke jin motsin ɓera cikin rumbun maƙwabta! Na ɗaga. Da munka zo inda jirgin ya tashi sai ya tare ni.

"Ƙarya ta! Ai jirgin ƙasa shanu ka jan shi."

Na ci gaba da karatu.

"Bajimai goma, da idona nig gani."

"Haba Kawu!" Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. "Ina ka taɓa ganin jirgi? Ni na shiga shi! Wuta ce da ruwa!"

"Ruwa da wuta wuri guda? Soja sun lalata ka da ƙarya."

Na miƙe ina rantsuwa, ina kwatanta hayaƙi da hannu, har da kukan jirgin na yi masa. Can na ga gemunsa na rawa, yana danne dariya. Sai tawa ta ɓalle. Na yi ta yi har hawaye, daga nan ya zama kuka na gaske, ya bar ni na yi abina.

A cikin gida dakan da innata ke yi ya tsaya. Kawu ya leƙa ta ƙofar zaure ya kira innata.

"Ke Hajo, aza tukunya. Wancan da mota tak kawo kayanai na. Ɗanki yau yad dawo."

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya zauna da ni bai gaji ba, Allah kada ka bar shi shi kaɗai. Amin.