Mai Cin Katangarmu

Shekarar da na yi aure, wani ɗan gida muka kama haya a Unguwar Shanu: ciki da falo, kicin, da tsakar gidan da zani biyu ke cika ta idan an yi shanya. Ɗakunan na bulo ne, amma katangar baya tsohuwa ce ta ƙasa, yaɓen simintinta duk ya ɓarɓare. Bayanta akwai wani kango, inda akuyar maƙwabcinmu, wani dattijo malamin allo, ke yini.

Cikin matata na fari ya fara fitowa lokacin da na lura katangar nan tana raguwa. Wani rami ne ya bayyana kusa da randa, kullum sai ya ƙara faɗi. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na saba idan na ga matsala in rubuta wa na sama da ni. A gida ba na sama da ni sai mai haya, shi kuma ba ya ɗaga waya, don haka na shiga bincike da kaina.

Da farko na zargi ɓera, na ɗana tarko, bai kama komai ba. Sai na koma kan akuya. Bayan sallar la'asar na tari Malam a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, ina jin akuyarka ce ke cin katangata."

Ya ce, "Ba zan kare ta ba. Ta ci gefen rawanina, ta ci tabarmar baƙi. Amma ramin ta wane ɓangare yake?"

"Ta cikin gida."

"To sai dai idan ka ba ta mabuɗi."

Duk da haka ya ɗaure ta 'yan kwanaki don a zauna lafiya. Akuya ta yi ta kuka, rami ya ci gaba da girma. Na yanke hukunci gara ce. Muna cin tuwo na gaya wa matata gobe zan sayo magani in feshe katangar. Ta tsaya da loma a hannu.

"Kada ka fesa."

"Saboda me?"

"Warin zai tayar mini da zuciya."

Na ga tana da gaskiya, na bari.

Wata Talata aka ɗauke wuta a ofis, janareta kuma ba mai, aka sallame mu kafin azahar. Na turo ƙofa na sami matata a kan kujera 'yar tsugunno, ta ba ni baya. Tana yayyafa wa katanga ruwa da yatsu, ta ɗan jira, sannan ta kankaro da ƙaramin cokalin shayi, cikin sababbin nan da ta hana ni taɓawa wai na baƙi ne. Wannan fa malamar firamare ce, wadda ba ta shan ruwa sai ta tafasa, wadda ke mayar da ni in sake wanke hannu idan ba ta ji ƙamshin sabulu ba.

Ta waigo, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce, "Sannu da zuwa. Yau da wuri?"

Na ce, "Ashe ke ce garar."

"Wallahi ba da son raina ba ne. Idan ruwa ya taɓa ta, ƙamshin nan na farkon damina ke tashi, sai in ji yawuna ya tsinke."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da yamma na kira mahaifiyata a Katabu na ba ta labari. Hajiya ko a jikinta. "Wace mai ciki ce ba ta cin ƙasa? Da cikinka saura kaɗan in cinye murhun kakarka, ga ka nan har da digiri."

Washegari na je wanke akuyar Malam daga zargi. Ban faɗi mai laifin ba, na dai ce an gano, kuma ɗan gida ne. Ya dube ni, ya yi murmushi. "Iyalin naka na da juna biyu ko?" Na sunkuyar da kai. Sai na ga murmushin ya ɓace.

"Ka hana ta yau ɗin nan. Kangon can, shekara da shekaru masu gyaran batirin mota ne a ciki. Su fasa tsofaffi, su narka dalmar da ke ciki, ruwan kuma su tuttular a ƙasa. Ba ka ga tsakiyarsa ko ciyawa ba ta fitowa ba? Da katangarku ta faɗi wata damina, a gabana aka kwaɓa ƙasar wurin aka tayar da ita. Ni ba likita ba ne, amma kajina da suka riƙa tono a nan ba su yi ƙarko ba."

Ranar awo na ɗauki uzuri a ofis na raka ta. Ni kaɗai ne namiji a kan bencin, mata sai kallona suke suna ƙus-ƙus. Da muka shiga wajen nas ɗin, wata babbar mace mai tabarau, na fara bayani, matata na taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Nas ɗin ba ta yi mamaki ba. Ta ja fatar idon matata ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa, kuma sau da yawa ƙarancin jini ne ke kawo wannan kwaɗayi. Da na ambaci batir sai ta cire tabarau.

Ta ce, "Dalma ba ta ruɓewa, 'yata. Masu aikin za su tashi, ita tana nan cikin ƙasa. Ba ki jin ɗanɗanonta, ba ki jin warinta. Idan ta shiga jininki, abin da ke cikinki ma ya samu rabonsa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi taɓawa. Tana iya jawo haihuwa kafin lokaci."

Likita ya rubuta gwajin jinin da ba a yi a nan, sai da muka je wani ɗakin gwaji a cikin gari. Kwanakin da muka yi muna jiran sakamako, ba wanda ya yi wa wani tsiya a gidan. Na taɓa samunta zaune a bakin gado, hannu a kan ciki, tana hawaye. Ta ce, "Idan wani abu ya same shi, ni na ba shi da cokali." Na ce mata ni ma na kwashe makonni ina shari'a da akuya, kuma da na gano gaskiya dariya na yi. Ban san ko hakan ya rage mata komai ba.

Sakamako ya fito. Likita ya ce akwai dalmar, fiye da yadda yake so, amma ba ta kai a yi mata magani na musamman ba. Ya ce ta daina cin ƙasa, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, ta ci abinci sosai, a sake gwaji gaba. Na kawo magini ya shafe katangar da siminti tun daga tushe. Yana aiki yana tambaya me ya ci wurin nan haka, daga kicin aka amsa masa da cewa a yi aiki a bar surutu.

Hajiya ta iso daga Katabu da zogale, da hanta, da wani ƙulli a ƙasan jaka. Farar ƙasa ce. "Wannan ta gona ce, mai tsabta, ba batir ba komai." Na ce nas ta hana kowace iri. Ta ce nas ɗin 'ya'ya nawa ta haifa? Matata ce ta raba mu, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na tuba." Hajiya ta ɗaure ƙullinta tana mita, amma da la'asar na gan ta tana ɗan gutsura, wai don kada a yi asara.

Ƙwayoyin sun yi aiki, kwaɗayin ya tafi da kansa. Malam kuma ya tara magidantan layin, aka kawo tifar jar ƙasa aka rufe tsakiyar kangon, aka hana yara ƙwallo a ciki. Matata ta sauka lafiya a kan lokacinta, mace. Da yarinyar ta fara rarrafe aka gwada ta, likita ya ce ba damuwa. Yanzu tana sakandare, ba a gama magana ba ta kawo hujja.

Kafin mu tashi zuwa Mando na tambayi Malam ina masu batirin suka koma. Ya ce ya ji suna can bakin wani rafi, kusa da masu lambu. Na yi kuskuren faɗa wa matata. Tun daga ranar mai kayan miya ya shiga uku: alayyahun nan daga ina, wane lambu, da wane ruwa ake ban ruwa, su wa ke sana'a a kusa. Bawan Allah ya jure na ɗan lokaci, daga baya idan ya zo daidai ƙofarmu sai ya daina kiran "kayan miya", ya tura baronsa a hankali har ya wuce.