Abin da Na Iya Kwasowa Daga Laftof ɗin Yaya

A Talata Mafara nake gyaran kwamfuta, a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma ni ke kula da na'urorin wata makaranta mai zaman kanta. Kullum akwai wani baƙin filas a aljihuna, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Cikinsa akwai cikakkiyar manhajar tuƙa kwamfuta, irin Linuks, wadda ba sai an girka ta ba. Idan kwamfuta ta ƙi tashi da tata manhajar, sai in soka mata filas ɗin, in sa ta tashi daga cikinsa. Da ta tashi sai in ga abin da ke cikin faifan ajiyarta, in kwashe wa mai ita kayansa kafin a shiga maganar gyara. Na yi wa malaman makaranta, na yi wa ɗalibai masu rubutun kammala karatu, har da wani mai sayar da taki. Aiki ne kamar kowane aiki a wurina, sai ranar da na yi shi a gidanmu.

Mu mutanen Faru ne, a ƙasar Maradun. Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, ya daɗe yana karantar da manya a zaure bayan la'asar. Yayana ne ke ja masa baƙi: shi ya karanta Larabcin, Malam ya fassara ya yi bayani. Ni boko ya ja ni, ban zauna a zauren ba sai jefi-jefi. Da tsufa ya fara kama Malam, sai Yaya ya riƙa ajiye waya a bakin buzu yana ɗaukar karatun, in ta cika ya juye a wata tsohuwar laftof da ya saya a hannu. Malam ya sani, bai hana ba, ya dai ce kada a ɗauki hotonsa.

Malam ya rasu da bazara. Bayan haka hanyar garinmu ta lalace da rashin tsaro, gonakin nesa suka gagari kowa, sai Yaya ya kwashi Inna da iyalinsa suka koma Bakura, inda ya sami koyarwa a wata Islamiyya. Bai daɗe a can ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi cikin damina, muka kai shi asibiti, muka dawo da gawarsa. Wayarsa ta ɓace cikin hidimar jinya, ba wanda ya san inda ta faɗi. Karatun Malam bai rage ko'ina ba sai cikin laftof ɗin nan.

Ana shirin yankan shinkafa Inna ta aiko in zo, ta ce in taho da kayan aikina. Na ɗauki filas da wani faifan ajiya na waje, na hau kabu-kabu da hantsi. Na same ta a ƙarƙashin rumfa tana tsince wake. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiyar hanya, na yi mata ya ƙarin haƙuri, ta ce da godiya. Sannan ta ɗaga murya ta kira matar Yaya.

Ni da matar Yaya da can ba ma haɗuwa ba mu yi wasa ba. Injiniya take ce mini don zolaya, in na zo ta ce tunda na iya gyara, ga murhunta ya tsage. Ranar ta fito cikin hijabin takaba, ta gaishe ni kamar baƙo, ta ajiye laftof ɗin a gabana a naɗe cikin sallayar Yaya.

Ta ce, "Ta ƙi tashi. Tun bayan rasuwa nike kunna ta, sai ta yi ta juyi ta koma baƙi. Wani maƙwabci ya ce a kai a yi mata fomatin."

Fomatin kuwa share komai ne. Na ce, "An kai?"

"Ba a kai ba. Inna ta ce a jira ka."

Na kunna, na kara kunnena a jikinta. Can ciki ina jin ƙas, ƙas, sai shiru, sai kuma ƙas. Duk mai wannan sana'a ya san ƙarar nan: faifan ne ke mutuwa, kuma kowace kunnawa tana rage masa kwana. Ban gaya mata haka ba. Na kashe da sauri.

Babu wuta a unguwar, batirin kuma ya daɗe da lalacewa. Maƙwabcin nan yana da sola, shi ya miƙo mana waya ta kan katanga. Na soka filas, na kunna, na yi ta danna maɓallin da ke ba mutum zaɓin inda kwamfuta za ta tashi, na zaɓi filas. Fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙar fuska, can sai ga ta ta buɗe. Inna ta ajiye faifan wakenta.

"Ta gyaru?"

"Ba ta gyaru ba, Inna. Aro na ba ta, ta tashi da nawa. Nata yana nan kwance, ban taɓa shi ba."

Yaya ya sa wa laftof ɗinsa kalmar sirri, ba wanda ya san ta. Amma wanda ya shigo ta filas ba ya bi ta wannan ƙofar, komai a buɗe yake gabansa. Na sha yin haka ga mutane da izininsu, suna tsaye a kaina. Wannan karon mai izinin ba ya nan, sai na ji kamar zan faɗa ɗakinsa ba sallama. Na dubi matarsa na ce, "In na shiga zan ga duk abin da ya ajiye. Kin yarda?"

Ta ce, "Shiga. Mi gare shi in ba karatu ba?"

Haka kuwa yake. Folda-folda ya jera su da tsari irin nasa, babin tsarki, babin salla, babin azumi, ciniki, gado, sai tafsirin kowane watan azumi daban. Akwai wata guda ya rubuta mata "gida", na san hotuna ne. Hannuna ya kai zan buɗe ɗaya daga cikin karatun in ji, na janye. Faifan da ke wannan hali ba a yawo a cikinsa. Na jona nawa na waje, na sa wata 'yar manhaja da ke kwafe faifai ɗungurungum: ta fara da wuraren da ke da lafiya, in ta ci karo da mai ciwo ta tsallake, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa shi.

Zafi shi ne abokin gabar irin wannan aiki, ga shi rana ta take. Na ɗauki laftof ɗin na kai gindin randa, inda yashi ke da sanyi, na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Matar Yaya ta ɗauko mafici ta zauna tana yi mata fifita, ban ce ta yi ba. Mun daɗe a haka. Lambobin da ke nuna abin da aka kwafe suna ta hawa a fuskar laftof ɗin, wani lokaci da gudu, wani lokaci su tsaya cik faifan ya yi ta ƙas, ƙas, kafin su sake motsawa. Aka kira azahar na je na dawo, na sami matar Yaya ba ta tashi daga wurin ba, ta dai sauya hannu.

Inna ta ce, "Shi Malam yana ciki?"

"Muryarsa na ciki, Inna."

"To, a bi shi a hankali."

Gab da la'asar lambobin suka tsaya ba su sake motsi ba. Na kashe, na bari ta huce, na sake tayar da ita daga filas. Faifan ya dawo, ya ba ni ɗan abin da ya ba ni, ya sake ɗaukewa. Na ƙara gwadawa, wannan karon manhajar ma ba ta ga akwai faifai a ciki ba. Ƙarar ta daina.

Na buɗe kwafin da na samu, na duba. Fiye da rabi ya fito lafiya. Karatun shekarun farko duk yana nan. Na ƙarshe-ƙarshen ne, lokacin da muryar Malam ta yi rauni, da tafsirin azuminsa na ƙarshe, suka tafi. Foldar "gida" kuwa sunayen hotunan suna nan a jere, amma kowanne na buɗe babu komai. Na faɗa musu yadda abin yake, ban rage ba. Matar Yaya ta ajiye mafici ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Inna ta ce in sa mata ɗaya.

Na zaɓi babin alwala. Aka ɗan ji motsin tabarma, wani ya yi tari, akuya ta yi kuka daga nesa, sai ga muryar Malam ya yi bisimilla ya yi salati, da ɗan jan nan da yake yi a ƙarshen kalma. Inna ta kai hannu ta ja mayafinta ta rufe kai sosai, ta gyara zama, kamar yadda take yi in ya yi sallama zai shigo cikin gida. Malam ya ce, "To, ja mu ji." Sai muryar Yaya ta fito, a kusa ƙwarai, domin wayar a gabansa take, yana karanta Larabcin a natse.

Ni kaina ban shirya wa wannan ba. Duk ranar Malam nake nema, na manta wanda ke ja masa baƙi. Matar Yaya ta miƙe ta shige ɗaki. Inna ba ta motsa ba. Yaya ɗan farinta ne, tunda nake ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, ko a jinyarsa daga bakin ƙofa take tsayawa ta tambayi jiki. Ta saurara har ya kai ƙarshen layi, sannan ta ce, "Kashe."

Na kashe.

Ta ce, "Ban san da wancan a ciki ba." Ta ɗauki faifan wakenta ta ci gaba da tsinta, ba ta ganin abin da take tsincewa.

Da zan tafi, matar Yaya ta biyo ni har bakin zaure, ta tsaya daga ciki. Ta ce, "Injiniya." Rabon da ta kira ni haka tun kafin rasuwa, kuma babu wasa a ciki. "In akwai inda ya yi magana tashi ta Hausa, ba karatu ba, ka cire min. Ko kaɗan ne."

Na tafi da mataccen faifan Mafara, na gwada shi a wasu na'urorin, bai ko juya ba. Na aika da shi birni wurin masu buɗe irinsa, ya dawo da haƙuri. Sai na koma kan abin da ke hannu. Makonni na yi a shago da abin ji a kunne, in mai kawo gyara ya zo in cire, in ya tafi in mayar. A haka na yi karatun da ban yi ba a zauren gidanmu. Yaya kuwa mutum ne da ba ya magana a gaban Malam sai dole. Abin da na tsinta kaɗan ne. Akwai inda ya ce, "Malam, a maimaita nan." Akwai inda ya ce wa ɗalibai su matso rana ta iso su. Akwai ranar da ruwa ya sauko ana tsakar karatu, iska ta buɗe ƙofar zaure, ana ta jan tabarmi, ya yi dariya. Sai wata rana da tari ya sarƙe Malam, Yaya ya leƙa cikin gida ya ce a kawo ruwa, wani daka da ake ji daga nesa ya tsaya. Na yanko su na haɗa wuri ɗaya. Duka-duka ba su kai tsawon shan kofin shayi ba.

Kafin in gama ta fita takaba, ta koma wurin iyayenta, waɗanda su ma sun baro garinsu Dosara sun zauna cikin garin Maradun. Can na kai mata, a memorin waya. Ta sa a wayarta ta kara a kunne, ni ina zaune a zaure da mahaifinta muna maganar hanya. Da ta fito ta ce, "Ni ce nike dakan nan. Gero ne, na furar Malam." Sannan ta ce, "Babu sauran?" Na ce babu. Ta yi mini godiya doguwa irin wadda ake yi wa bare, ta sa aka ɗaura mini ƙullin kuka da daddawa a bayan babur in kai wa Inna.

Inna tana wurina a Mafara yanzu. Ba ta sake cewa a sa mata ba, ni ma ban sake tayi ba. Karatun na kwafe shi wuri-wuri, a shago da gida da wurin wani abokina.

Ɗaliban Malam sun watse, wasu Mafara, wasu Bakura, wasu sun yi nisa. Labari ya kai musu, suna zuwa da wayoyinsu in zuba musu. Cikinsu akwai wani dattijo, tela, da yanzu yake ɗinki a bakin kasuwa. Ya karɓi babin gado ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo. Ya ce akwai darasin da ya yanke ana tsakar magana, Malam ya ce, "Amma in mamacin ya bar 'ya mace guda da," sai shiru. Na ce daidai nan faifan ya lalace. Ya ce hukuncin ya san shi, yana cikin littafi, abin da yake so shi ne misalin da Malam ya kawo a ranar, domin ya tuna an yi dariya, amma ya manta da me. Ya tambaye ni ko na sani. Na ce ban kasance a wurin ba. Ya jinjina kai, ya ce akwai wani da suke zama kusa da juna a zauren, an ce yana wajen garin Dakko, zai sa a tambayo masa shi in yana raye.