Yara Ashirin da Uku da Ba Su Cikin Rajista

Jan Biro ake kiranta, amma ba a gaban idonta ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da aji shida a ɗaki guda, ɗakin ƙarshe na tsohuwar makarantar gwamnati, wanda tagarsa ɗaya ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Ta zo tana siririyar budurwa mai kunyar ɗaga murya. Tana wannan ajin ta yi aure, ta haifi uku, ta aurar da biyu, gwiwoyinta suka fara ƙara in za ta miƙe. Alli ya busar mata da yatsu har wayarta ba ta jin taɓawarta sai ta danna sau biyu.

Rajista ce ta jawo mata sunan. Kowace safiya sai ta kira yara ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kai ta ga fuskar mai amsawa, wanda bai zo ba ta ɗiga masa ja ko ɗan wane ne. Wani hedimasta na da ya taɓa roƙonta ta ƙara sunaye goma na bogi don a ƙaro musu littattafai. Ta ce masa hannunta ba ya rubuta yaron da idonta bai gani ba. Ƙarin girman wannan shekarar ya tsallake ta ya wuce, bai kuma dawo ba. Mijinta, tsohon direban babbar mota, ya kan tsokane ta da cewa, “Ke ko ranar da na mutu sai kin kira sunana sau uku kafin ki ɗiga min ja.”

Ana nan sai wani kamfani ya kama tsohon sito a tsallaken titi, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya sa fanka da sola, ya ce makaranta ce. Babu allo, babu alli, babu malami. Kowane yaro da kwamfutar hannu da abin sawa a kunne, sai mai sa ido ɗaya ga yara tamanin. Gwamnati na biyan kamfanin a kan kowane ɗalibi, kamfanin kuma yana ba da kayan makaranta kyauta, yana biya wa 'yan aji shida kuɗin jarrabawar fita. Cikin shekara biyu tsohuwar makaranta ta zube daga yara ɗari huɗu zuwa sittin. Malama ba ta ga laifin iyaye ba. Wa zai ga fanka ya zaɓi rufin da ke yoyo?

Abin da ba a faɗa wa iyaye ba shi ne halin injin da ke koyar da yaran. Ba ya zagi, ba ya duka, amma kuma ba ya sake bayani da wasu kalmomi. Yaro ya faɗi mataki sau uku, nan zai tsaya. Sai ya yi sati yana kallon darasi ɗaya, murya ɗaya tana maimaita masa abu ɗaya a kunne. Daga nan mai sa ido ya miƙa masa wata 'yar takarda mai cewa an mayar da shi “karatun gida”, ya dawo in ya shirya. Sunansa yana nan a jerinsu, kuɗinsa yana shiga, kujerarsa kuma an ba wani.

Mai wankin unguwa ce ta fara zuwa wurin Malama, riƙe da hannun autarta.

“Malama, ga ta nan. Wata biyu tana zaune, wai karatun gida. Gidan da ni kaina ban san baƙi ba, wa zai koya mata? Bahon wanki?”

“An rufe rajista tun farkon zango,” in ji Malama.

“Ni ba rajista na kawo ta ba, benci na kawo ta. Na ga kuna da su birjik, ƙura ce kawai ke zama.”

Malama ta dubi yarinyar, wadda kowa ke kira Auta. Ta ba ta lissafi uku a allo. Nan take ta gano ciwon: ba ta san aro ba in ana ɗebewa. Shi ke nan abin da ya tsare ta wata biyu. Da marafan kwalba ta koya mata shi a kwana biyu.

Zance ya zaga. Kafin tsakiyar zango na biyu, yara ashirin da uku ne ke zaune a bayan ajinta, duk 'yan karatun gida, duk masu jiran jarrabawar fita da lambar waccan makarantar. 'Yan rajistarta goma sha tara ne. Ba ta iya sa baƙin a rajista, ba ta kuma iya barin yaro ba a kira sunansa ba, sai ta rubuta su a bayan wata tsohuwar kalanda, tana ajiye ta a aljihun tebur. Su ma in sun yi fashi ja suke sha.

Wata Litinin hedimasta ya tara malamansa huɗu a ofis. Mutum ne mai hawan jini da saura shekara biyu ya yi ritaya, kullum da ƙwayar magani a aljihun gaba. Ya ɗaga wata takarda daga ofishin ilimi. Layi biyu ne a jikinta. An ɗauki abin da ake kashe wa kowace makaranta a shekara, an raba da yawan ɗalibanta. Sabuwa: dubu hamsin da biyu kowane yaro. Tsohuwa: dubu casa'in. Duk makarantar da ta haura dubu saba'in za a rufe ta ƙarshen shekara. Ranar Alhamis jami'i zai zo ya ƙirga yara da idonsa kafin a yanke hukunci.

“Au, mu ne ma masu tsadar?” in ji malamin aji huɗu, yana kallon ɓulin da ke silin. “Allin da ke hannuna da kuɗin cefanen matata na saya.”

Amma hedimasta murmushi yake. Ya jawo takarda ya buga. Sittin da ashirin da uku, tamanin da uku. In aka raba da tamanin da uku, dubu sittin da biyar ke nan. Sun tsira.

“Malama, yaranki na bayan aji su ne maganinmu. Ranar Alhamis kowa ya zo, a wanke fuska, a zauna a gaba ma in ya yiwu.”

Ta koma aji da sauƙin zuciyar da ta daɗe ba ta ji ba. Sau ɗaya dai a rayuwarta gaskiyar ƙirga za ta yi mata rana.

Ranar Laraba bayan an tashi, ta fito ta tarar da mata sun fi goma a bakin ajinta. Mai wanki ce a gaba, hannunta fari fat da sabulu, ta miƙo mata waya.

“Karanta mana, ko yaron da ya karanta min ne bai iya ba.”

Ya iya. Saƙo ne daga sabuwar makaranta: duk ɗalibin da aka samu a wata makaranta ranar ƙidaya za a soke sunansa, tare da lambar jarrabawarsa. An riga an rufe karɓar sababbin sunaye. Saura wata biyu a zauna jarrabawar.

“Sai baɗi ke nan,” in ji wata daga baya.

“Wace baɗin?” Mai wanki ta juya a fusace. “Ni ina da baɗi ne? In ba ta zauna bana ba, baɗi tana bakin famfo tare da ni tana matse zannuwan mutane.” Ta sake fuskantar Malama, muryarta ta sauka. “Ke kika ce min za ta ci. Da bakinki kika faɗa.”

“Na faɗa.”

“To mu hana su zuwa gobe?”

Malama ta mayar mata da wayar. In sun zauna a gida hedimasta zai aika a kwaso su gida gida, ta san shi.

“Ku turo su kamar kullum,” ta ce. “Ku bar min sauran.”

A gida ta tarar da mijinta a inuwar ƙofa yana kwance cikin rediyonsa. Ta zauna a kan tabarma ko mayafi ba ta cire ba, ta zayyana masa komai.

“In na nuna su, makaranta ta tsira, su su rasa jarrabawa. In na ɓoye su kuwa…”

“Ki rasa aji.”

“In yi ƙarya.”

“To wanne ya fi miki ciwo, uwargida?”

Ta cire mayafin ta ninke. Ya hura ƙurar da ke cikin rediyon, ya ce, “Birki in ya tsinke a gangara, direba ba ya zaɓar ko zai bugi abu. Abin da zai buga yake zaɓa.”

Ranar Alhamis duk suka zo, fuskoki a wanke, har da masu man shafawa. Ta kira rajista, ta kira kalanda. Da ta hango motar ofishin ilimi ta shigo, sai ta tashi 'yan bayan aji, ta jera su zuwa ɗakin ajiya da ke manne da ajinta, inda ake jibge karyayyun bencina. Ta ce wa Auta, “Ke ce babba. Ko tari ya zo wa mutum, ya haɗiye.” Ta ja ƙofar.

Hedimasta ya shigo da jami'in yana fara'a, sai fara'ar ta daskare. Jami'in matashi ne da kati rataye a wuya. Ya rusuna har ƙasa.

“Malama, ina kwana. Kin gane ni kuwa?”

“Sarkin Makara,” ta ce. “Yau dai ka zo a kan lokaci.”

Ya yi dariya, yara suka taya shi. A bencin can na uku ya zauna shekara ashirin da suka wuce, kuma ita ta koya masa rabawa, da marafan kwalba. Ya bi layi yana ƙirgawa. Da ya kai ƙarshe bai tsaya ba, ya ci gaba zuwa bencinan baya. Babu ƙura a kansu. Ga marafai an jera goma goma. Ga takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa.

“Malama, ina sauran?” in ji hedimasta.

“Waɗanne?”

Jami'in ya dawo kusa da teburinta, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda su uku kawai za su ji.

“Malama, abin da na gani nake rubutawa, ke kika koya min. In akwai wasu a fito da su in ƙirga. Sai dai duk wanda na ƙirga sai na ɗauki sunansa, sunan kuma yau ɗin nan zai haɗu da jerin makarantar tsallaken titi.” Ya ɗaga bironsa. “Ɗalibanki nawa ne?”

Ta buɗe rajista, ta ɗora yatsa a kai, ba don tana bukatar dubawa ba.

“Goma sha tara.”

A bayan bango wani ya yi tari, ƙarami, irin wanda aka toshe da hannu. Jami'in ya mayar da idonsa kan tagar da ba ta rufuwa. Hedimasta ya buɗe baki, ya dubi bangon, ya dubi takalmin nan ƙafa ɗaya, ya rufe bakinsa. Ya laluba aljihu ya jefa ƙwaya a baki ba ruwa. Aka rubuta sha tara.

Sai da motar ta fita hedimasta ya ce mata, “Shekara da shekaru kin ƙi ƙarya a kan sunaye goma. Yau kin yi ta a kan makaranta sukutum.” Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Cikin ashirin da ukun, ashirin suka ci. Auta ce ta ɗaya a yankin gaba ɗaya. Aka buga hotonta a ƙaton kyalle aka rataya a bangon shuɗin sito, tana riƙe da kwamfutar hannun da aka ara mata don hoton. Rahoton ƙarshen shekara ya ce sabon tsari ya fi araha, ya fi sakamako, har ma 'yan karatun gida sun fi na cikin aji ƙoƙari, don haka ya kamata a faɗaɗa shi. Mai wanki ta kawo wa Malama zannuwanta a wanke a goge ta ƙi karɓar ko sisi, ta tafi.

Aka sa wa tsohuwar makaranta kwaɗo. Da yake saura shekara huɗu Malama ta kai fansho, sai aka tura ta tsallaken titi a matsayin mai sa ido. Aikinta ta jona caji, ta goge gilasan kwamfutoci da tsumma, ta hana surutu. Babu kiran suna, injin ya san wanda ya zo. Jan biron yana cikin jakarta, ya bushe.

A sati na shida manajan makarantar, wanda bai kai ɗanta na fari a shekaru ba, ya ajiye mata 'yan takardu bakwai a tebur.

“Mama, waɗannan sun maƙale. A ba su kafin a tashi.”

Ta ɗauki ta sama ta je wurin mai ita, wata 'yar ƙaramar yarinya mai gyararren gilashin ido da aka ɗaure da zare. Ta leƙa abin da ke gabanta. Ɗebewa ce, mai aro. Malama ta sa hannu a jaka, inda har yanzu akwai marafan kwalba, sai ta ji manajan daga ƙofa yana cewa, “Mama, ba ma koyarwa a nan, yana rikita musu tsari.”

Ta zare hannunta. Yarinyar ta karɓi takardar, ta karanta a hankali tana motsa leɓe, sannan ta cire abin kunnenta ta ɗago.

“Malama, yayata ta ce in an ba mutum wannan, wurinki ake zuwa. Yanzu ina zan je?”

Ta taga ana hango ɗakin ƙarshe a tsallaken titi, da kwaɗo a ƙofarsa, tagar nan ɗaya a buɗe. Sauran takardu shida suna hannun Malama.