Fitilun da Inna Sukhraji Ta Hana a Jiƙa

Shekara arba'in da biyu Inna Sukhraji tana zaune a gidan kwanon da ke ƙarshen gonar rake, a bayan garin Labasa, kuma ni Kushma maƙwabciyarta ban taɓa ganin an kayar da ita a gardama ba. Sau biyu guguwa na yaye mata rufi tana mayarwa. Mijinta mai saran rake ya rasu, amma har yau kowace safiya sai ta tsaya gaban hotonsa ta yi masa faɗa don ya tafi bai gyara famfo ba. Duk Diwali, bikinmu na kunna fitilu, takan share gida ƙal, tunda Lakshmi, abar bautarmu mai rabon arziki, ba ta shiga inda ke da datti, sharar kuma ta turo ta gefena. Na yi magana har na gaji.

Bara ɗanta tilo, Satendra, ya zo daga Brisbane, can ƙasar waje inda yake zaune, don ya tafi da ita. Gwiwarta ta gaji, ya kuma sami mai son sayen gidan. Kwana uku suna abu ɗaya.

"Inna, can ma ana Diwali."

"Rufe mini baki! Don abin bautarmu Rama ya dawo gida aka kunna masa fitila, ba don ya kwashe uwarsa ya gudu ba."

Ranar jajibiri ta sauko, wai a bar wa Lakshmi hukunci. Shi ya jera fitilun yumɓu goma sha biyu a bakin hanya, ita goma sha biyu a bakin ƙofa, mai da lagwani iri ɗaya. In nasa suka fi daɗewa za ta bi shi. In nata ne, kada ta ƙara jin zancen jirgi. Ya yarda.

Ni ta aika kasuwa in sayo masa sababbi. "Kushma, kar ki kuskura su ga ruwa."

Kowa ya san sai sabuwar fitila ta kwana a ruwa ta bushe, in ba haka ba sai ta shanye man tun kafin wuta ta samu. Nata kuwa tsofaffi ne, sun yi baƙi ƙirin da man shekaru.

"Haba Inna, maguɗi ranar ibada?"

"Ke dai ja bakinki, ko bana barfina ko ƙamshinsa ba za ki ji ba."

Na ja bakina. Barfinta, wato alewar madarar da take yi, ba abin wasa ba ne, kuma gaskiya ba na son ta tafi.

Ranar Diwali, rana na faɗuwa aka yi addu'a, aka buɗe ƙofofi, aka kunna. Kafin mu cinye faranti ɗaya na kayan zaƙi, fitilun hanya suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Nata kuwa ci suke yi abinsu. Inna ta dafe ƙirji.

"Ikon Lakshmi! Ka gani ko, ɗan nan? Ni ba ruwana."

Satendra ya sunkuya ya taɓa ƙafarta don girmamawa.

Na zagaya baya wanke hannu, na tarar da shi zaune kusa da famfon, yana kallon wani tsohon daro.

"Anti Kushma, kin san aikin wa ne jiƙa fitilu a daron nan tun ina ɗan shekara shida? Tana miƙo mini su na ji su ƙayau."

"To me ya hana ka magana?"

"Jiya na ji ta tana tambayar hoton Baba wa zai riƙa yi masa faɗa in ta tafi." Ya goge ido. "Don Allah kar ki faɗa mata."

Ni da ba na iya riƙe magana, ko minti biyar ban yi ba na tsegunta mata. Na zaci kunya za ta kama ta. Ko gezau, gyara lagwani take yi.

"Ke Kushma, wani lokacin sai a hankali. Ni na koya masa, ya za a yi ya manta? Daron ma ni na ajiye masa a hanya, cike da ruwa. Da tafiya da ni ta fi masa, da ya jiƙa."

Sai ta hau ni da faɗa wai na tare mata haske.

Washegari na fito na tarar da sharar gidanta a gefena, har da busassun fitilu goma sha biyu. Na ɗauko tsintsiya na share.